Gahawar gona ɗaya: cinikin da ɗan ƙanwata ya jefa ni ciki

Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗauko tumatir da wake daga Fumbot ina kawowa Yawunde, amma ban taɓa kallon itacen gahawa a matsayin kuɗi ba. A idona tsohon kaya ne da ake tumɓukewa a shuka tumatir a gurbinsa. Don haka ranar da ɗan ƙanwata ya same ni a Briketeri bayan sallar isha'i ya ce, "Kawu, jari nake nema, zan fara suyar gahawa," dariya na yi. Na ce masa ga Nescafé nan a teburin kowane mai shayi, wa zai sayi taka?

Bai tsaya nan ba. Wai daga gona ɗaya tak zai riƙa saye, ba daga kasuwa ba. Kuma gonar da yake nufi ta wani dattijo ce Babamune, abokin cinikina na tumatir, wanda ya bar 'yan layukan gahawa a can gefen dutsen Mbapit don ya kasa sare abin da mahaifinsa ya shuka.

Wanda bai san yammacin Kamaru ba zai yi mamakin yadda gahawa ta faɗi a can. Ƙasar tudu ce mai sanyi, turɓayarta baƙa ta tsohon aman wuta, irin wadda gahawar arabika ke so. A da ita ke biyan kuɗin makaranta, ita ke yi wa gida rufin kwano. Ƙungiyar manoma ta UCCAO da ke Bafusam, wadda aka kafa a 1958, ita ke tattara ta ta fitar waje. A 1989 yarjejeniyar da ke ƙayyade yawan gahawar da ƙasashe ke fitarwa ta rushe, farashi ya zube. Farkon shekarun 1990 gwamnati ta janye hannu daga sayen amfanin, taki ya yi tsada, aka bar manomi da 'yan tsakiya masu yawo da sikeli, waɗanda a can ake kira koksa. Tumatir kuwa wata uku ka ga kuɗinka, gahawa sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya. Ni kaina da wannan sauyin na ci abinci, ba zan ɓoye ba.

Na ba yaron jarin, rabi don uwarsa, rabi don in ga gudun ruwansa. Muka tafi tare wajen dattijon. Sharaɗin da ya kawo ya kusa ɓata zaman. Ya ce, "Baba, jajayen 'ya'ya kaɗai za a tsinko, ɗanye ko wanda ya yi baƙi a bar shi." Dattijon ya dube ni ya ce ashe yaron naka aiki ya zo koya mini? Gaskiyarsa ne, don tsinken ja zalla na nufin a koma kan itace ɗaya sau uku ko huɗu a kaka guda, kowace komawa da ladan masu tsinka. Bayan nan a zuba cikin ruwa a kwashe waɗanda suka taso sama, a ɓare ɓawon a ranar, a bar ƙwayar kwana ɗaya ko biyu ta saki yauƙinta, a wanke, a shanya a kan gadon raga, ba a ƙasa ba, wajen mako biyu ana juyawa har danshinta ya sauko tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Koksa ba ya tambayar ko ɗaya daga cikin wannan. Ya auna, ya biya, ya haɗe da na kowa.

Abin da ya sa dattijon ya yarda abu biyu ne: za a ba shi rabin kuɗin kafin a fara tsinka, kuma farashin zai ɗara na kasuwa. A hanyarmu ta dawowa na ce wa yaron, kai wannan ai ba sabon abu ba ne, haka kakanninmu fataken goro suka yi da masu masaukinsu a Gwanja, mutum ɗaya kake sauka wajensa shekara da shekaru. Ya ce a wajen masu sana'ar yanzu ma sunan gonar ake saye.

Ku 'yan kasuwa ne, lissafi za ku fara tambaya. Kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. In ta shiga wuta kuma sai ta sake rage kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta. Buhun kilo 60 ke nan ya dawo wajen kilo 50. Ranar da na fara ganin wannan a sikeli sai da na zargi yaron shago da sata, Allah Ya yafe mini.

Injin suyar ƙaramin ganga ne mai juyawa a kan gas. Suya ɗaya ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar, kuma da kunne ake bin ta: in zafi ya doshi digiri 200 sai ƙwayar ta fara fashewa kamar gugguru. Jim kaɗan bayan wannan ƙarar yake saukewa. Mu da muka saba da baƙa ƙirin mai ɗaci sai mu ce ba ta soyu ba, shi kuwa ya ce in ka ƙona ta, ta Fumbot da ta ko'ina duk ɗanɗanon gawayi ne, to me ka biya kuɗi a kai? Masu ɗanɗanon sana'ar suna ba da maki cikin 100, sai wadda ta kai 80 ake kira ta musamman. Masu sayensa otal biyu ne, da wasu ma'aikatan ofisoshin ƙasashen waje a unguwar Bastos, sai 'yan Chadi da 'yan Sudan da suka saba da jabana a gida.

Kaka biyu abin ya tafi daidai. Ta uku ce ta gwada mu. A ƙarshen 2024 fari a Barazil da ƙarancin amfani a Biyetnam suka ɗaga farashin duniya, har a Fabrairun 2025 laba ɗaya ta arabika ta haura dala 4 a kasuwar Niyok, abin da ba a taɓa gani ba. Koksa suka cika ƙauyuka da kuɗi a hannu. Farashin da muka yanka da dattijon tun damina, wanda a lokacin alheri ne, ya koma ƙasa da abin da ake taya masa a ƙofar gida. Ga shi kuma gonar ba ta yi 'ya'ya sosai ba a shekarar.

Shi ya kira da kansa. Ya ce ba zai saɓa alkawari ba, amma 'ya'yansa sun tasa shi gaba. Ni na ce a riƙe shi a kan magana, ciniki ya faɗa tun tuni, kuma kuɗinmu na hannunsa. Yaron ya ce, "Kawu, in muka ci wannan bana, baɗi tumatir za mu tarar a wurin." Ya cike masa bambancin har da ƙari, daga ribar da ni nake jiran kasona a ciki. Mun yi kwana uku ba ma doguwar magana.

Buhu bakwai muka samu maimakon goma sha ɗaya. Nan na kawo shawara ta biyu, wadda har yau nake jin kunyarta: a sayo buhu huɗu a kasuwar Bafusam a gauraya, wa zai gane? Ya ƙi. Ya ce sunan gonar ne a jikin leda. Da kayan suka ƙare a watan Agusta sai ya kashe injin, ya gaya wa masu saye su jira sabuwar kaka. Otal ɗaya ya koma wajen wani, bai dawo ba har yau. Wannan ita ce kasadar gona ɗaya, kuma duk mai sha'awar irin wannan ciniki, da gahawa ne ko zuma ko barkono, ya tanadi kuɗin hayar watannin da shago zai zauna ba kaya.

Jarina bai gama dawowa ba tukuna. Amma da na je ɗaukar tumatir a damina, dattijon ya ja ni bayan gida ya nuna mini dashen gahawa sabbi, layi shida, a fegin da a da nake sayen tumatir ɗinsa. Ya ce in gaya wa yaron ya shirya, nan da shekara uku sai ya ƙara inji. Na ce to, ni kuma tumatir ɗina fa? Ya ce in je wajen maƙwabcinsa.