Hanyar Shekara Goma ta Zaman Dindindin a Birtaniya da Batun Yafe Kuɗin Nema

Baƙon da ke son zama na dindindin a Birtaniya ta dalilin aure ko 'ya'ya yana da hanyoyi biyu a dokokin shige da fice da suka fara aiki a watan Yulin 2012. Ta farko shekara biyar ce, ga wanda ya cika dukan sharuɗɗa, har da na samun kuɗin shiga ga ma'aurata, wanda aka ɗaga daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara a watan Afrilun 2024. Ta biyu shekara goma ce, kuma ita ake ɗora wa wanda bai cika sharuɗɗan ba, amma korarsa za ta keta haƙƙinsa na zama da iyalinsa, haƙƙin da Sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan Adam ya kare. Misalin da aka fi gani shi ne uwar da bizarta ta ƙare alhali ɗanta ɗan ƙasa ne, ko yaron ya shekara bakwai a ƙasar. 'Yan Nijeriya da Gana suna cikin waɗanda suka fi yawa a wannan layi.

Ba a ba da shekara goman a dunƙule. Izinin wata talatin ake bayarwa, a sabunta, a sake sabuntawa har a cika zagaye huɗu, kafin a kai ga neman zaman dindindin. Kowane zagaye da kuɗinsa. A farashin Afrilun 2025, kuɗin nema fam 1,321 ne, sannan ga harajin kiwon lafiya da ake karɓa daga baƙi, wanda ya fara da fam 200 a shekara a 2015, ya kai fam 1,035 a Fabrairun 2024. Idan aka haɗa, baligi ɗaya zai biya sama da fam 3,900 a zagaye guda, kuma kowane yaro da ba ɗan ƙasa ba da nasa lissafin. Mai aikin kula da tsofaffi ko share ofisoshi da dare, ga haya ga makaranta, ina zai tara wannan duk bayan shekara biyu da rabi? Ƙari a kan haka, yawanci izinin yana zuwa da sharaɗin hana karɓar tallafin gwamnati, ko da yake ana iya neman a cire shi idan talauci ya tabbata.

Nan batun yafe kuɗi ya shigo. Ba alfarma ba ce daga Ma'aikatar Cikin Gida, kotuna ne suka tilasta shi: hukuncin shari'ar Omar a 2012 ya nuna cewa ba za a toshe wa mutum neman haƙƙinsa don kawai ba shi da kuɗi ba, sannan wani hukunci na 2020 ya sa aka daina tsayawa a kan cewa sai mutum ya zama fakiri. Yanzu tambayar ita ce ko zai iya biya bayan ya ci, ya sha, ya biya haya, ya kula da 'ya'yansa. Mai aiki ma yana iya samu. Ana iya yafe duka, ko a yafe harajin lafiya kaɗai.

Neman yafewar kyauta ne, ta intanet ake yi, amma yana son hujja: takardun banki na wata shida na kowane asusu, takardar albashi, yarjejeniyar haya, takardun wuta da ruwa. Jami'i yana bin shigar kuɗi da fitarsu layi-layi. Kuɗin adashi da ya faɗo asusu, ko fam ɗari biyu da aka tura gida don jinyar mahaifiya, idan ba a yi bayaninsu a rubuce ba suna iya jawo a ƙi. Ɓoye asusu kuwa ya fi komai muni, domin ana iya ɗaukarsa yaudara.

Lokaci ya fi kuɗi haɗari. Dole a shigar da neman yafewa kafin izinin da ke hannu ya ƙare. Wanda ya yi haka, Sashe na 3C na Dokar Shige da Fice ta 1971 yana riƙe masa matsayinsa, muddin ya shigar da ainihin takardar neman izini cikin kwana goma na aiki bayan an yanke hukunci. Wanda ya tsaya tara kuɗi har ranar ta wuce ya zama marar izini, aikinsa da hayarsa suna cikin haɗari, shekarun da ya tara ma suna iya salwanta. Kuma matakin ƙarshe, wato neman zaman dindindin, fam 3,029 a 2025, ba a yafe shi. Marar hali sai dai ya sake neman wata talatin.

An sassauta wa yara da matasa a Yunin 2022. Yaron da aka haifa a ƙasar ya shekara bakwai yana iya neman zaman dindindin kai tsaye, matashin da ya yi rabin rayuwarsa a can ya koma hanyar shekara biyar, kuma an buɗe yafe kuɗin rajistar zama ɗan ƙasa ga yara.

Tun da aka janye lauyan gwamnati na kyauta daga yawancin shari'un shige da fice a 2013, nauyin wayar da kai ya koma kan ƙungiyoyi irin su Citizens Advice, Praxis a Landan da GMIAU a Mancesta, sai masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan gari da ke gayyato masana. Amfanin irin wannan zaman wayar da kai a fili yake, domin jita-jitar cewa neman yafewa yana ɓata wa mutum takarda ta jefa mutane da yawa cikin bashi ba gaira ba dalili. Sai dai wayar da kai daban, ba da shawara a kan takardar wani daban: wanda ba lauya ba ne, kuma ba shi da rajista da hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, idan ya yi wannan sana'a ya aikata laifi a ƙarƙashin wata dokar shige da fice ta 1999.