ME YA SA HATSI KE ARAHA DA KAKA, YA YI TSADA DA DAMINA?

Ƴan'uwa manoma na Dewule da kewaye, kowa ya san wannan abu. Da kaka, kasuwa tana cika da hatsi, tiya ta yi araha. Idan bazara ta wuce, ruwa ya sauka, rumbu ya kusa ƙarewa, sai tiya ta hau. Manomin da ya saida hatsinsa da araha, shi ne zai dawo ya saye shi da tsada.

Mu yi lissafi

Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40. A misali, mu ce da kaka tiya tana dala 100. Buhu ya kama jika 20 ke nan. Da damina, mu ce tiya ta kai dala 160. Buhu ya zama jika 32. Wanda ya saida buhu guda, ya dawo ya saya, ya yi asarar jika 12. In buhu 5 ne, asararsa jika 60. Wannan kuɗin ba ɓarawo ya ɗauke su ba. Rashin lissafi da matsuwa suka cinye su.

Mene ne dalili?

Na farko, kowa yana kai hatsi kasuwa lokaci guda. Wani zai biya bashi, wani haraji, wani zai aurar da ɗiya, wani yana neman kuɗin motar yaronsa mai tafiya bida. Kaya sun yi yawa, masu saye kaɗan, dole farashi ya faɗi.

Na biyu, ƙasarmu ta Adar tudu ce da duwatsu. A gidaje da yawa na Buza da Keita, abin da aka noma ba ya kai shekara. Sai an kawo hatsi da masara cikin manyan motoci daga wajen Maraɗi ko daga Najeriya. Saboda haka kuɗin mai, da halin hanya, da buɗewar iyaka, duk suna shiga cikin kuɗin tiyar da muke saye.

Ina hannun gwamnati a ciki?

Gwamnati ba ta saukar da ruwan sama, amma shawarar da take yankewa tana isowa har cikin tukunyarmu.

Tun shekara ta 1970 aka kafa ma'aikatar OPVN. Aikinta shi ne sayen cimaka ta ajiye a manyan ɗakunan ajiya. Idan wuya ta zo, sai a fiddo a saida wa talakawa da farashi mai rahusa. An yi shekaru da dama ana saida buhu jika 13 ta wannan hanya. Amma wannan hatsin ba ya isar kowa, kuma wani lokaci yana makara. A shekara ta 2005, bayan fari da fara, buhun hatsi ya wuce jika 25 a kasuwanni da yawa. Mutane suka saida bisashensu da arahar banza. Daga baya sai da aka raba abinci kyauta.

A shekara ta 2023, bayan sojoji sun karɓi mulki ran 26 ga watan Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyakarta. Motoci suka tsaya a Ƙonni. Shinkafa da sauran kayan masarufi suka hau, masu albasa na Madawa kuma suka sha wuyar fidda kayansu. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024.

A watan Yuli na 2024, gwamnati ta rage kuɗin mai. Litar fetur ta sauko zuwa sefa 499. Wannan ya sauƙaƙa wa mai injin ban ruwa a fadama da mai motar haya.

A watan Oktoba na 2024, an hana fitar da hatsi, dawa, masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Manufar ita ce abinci ya tsaya cikin ƙasa, farashi ya sauka. Irin wannan doka fuska biyu gare ta. Mai saye yana jin daɗi. Mai rarar hatsi da zai saida kuwa, kuɗinsa suna raguwa. A wajenmu masu saye da damina sun fi masu rara yawa.

Me magidanci zai yi da kansa?

1. Ya ƙirga bakin da ke gidansa. Ma'aikatan gona suna ƙiyasta cewa mutum guda yana buƙatar fiye da buhu 2 a shekara. Gida mai mutum 8 yana buƙatar fiye da buhu 16. Wanda bai samu haka ba, ba shi da hatsin sayarwa.

2. In buƙatar kuɗi ta taso da kaka, gara ya saida wake, ko akuya, da ya buɗe rumbu. Da kaka bisashe suna da ƙiba, suna da daraja. Da bazara suna ramewa, kuɗinsu ya faɗi daidai lokacin da hatsi ke hawa.

3. Kuɗin da ƴan bida ke aikowa daga Najeriya, Abijan ko Libiya, a sayi hatsi da su tun da sanyi. Kada a jira sai an yi shuka.

4. A riƙe rumbun tsimi na gari da amana. Ana saye da kaka, a saida wa ƴan gari da sauƙi lokacin noma. Abin da ke kashe rumbun tsimi shi ne bashin da ba a biya ba, da rashin rubutu.

5. Ƙungiyar manoma tana iya jinginar da amfanin gona. Ana kulle buhuna cikin ɗaki da kwaɗo biyu, mabuɗi guda wurin ƙungiya, guda wurin asusun da ya ba da lamuni. Manomi ya karɓi kuɗi ya yi sana'ar rani. In ya biya, ya ɗauki buhunansa lokacin da suka yi daraja. Amma a lura: shekarar da farashi bai hau ba, riba ba ta fita.

Duk wannan aiki yana buƙatar wanda ya iya karatu da lissafi. Mu da ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, mu ne za mu riƙe littafin rumbun tsimi. Kowa ya samu takarda ya rubuta kuɗin tiya duk ranar kasuwa, daga kaka har zuwa kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A tattauna a makaranta tare da malami:
Dami nawa ka samu bana?
Wata nawa zai kai gidanka?
Nawa tiya take yau a kasuwarku, nawa take da kaka?