Rashi a kan rashi: Me ya sa mutuwar maƙwabciya ke fama mikin iyayen da suka rasa ɗa a Jidda?

A ƙasar Hausa, idan mace ta rasa ɗa, kafin a fita da gawa gwaggo da inna da yayye sun cika tsakar gida. A Jidda, birnin da ke gaɓar Bahar Maliya a yammacin Saudiyya, iyalai da yawa 'yan asalin Najeriya da Nijar ba su da wannan gata. Dangi suna Kano ko Maraɗi, tafiya kuma sai da biza da kuɗin jirgi. Wadda ke fara shigowa a irin wannan rana ita ce maƙwabciya. Ita ce mai riƙe uwar, mai ɗora tukunya, mai kwashe sauran yaran zuwa ɗakinta.

Shi ya sa ranar da wannan maƙwabciyar ta rasu, uwar kan tsinci kanta cikin makoki biyu, alhali mutane ɗaya kawai suke gani. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan yanayi, kuma abin da suka gano yana bayyana dalilin da ya sa kukan rashin na biyu kan fi na farko tsanani a wasu lokuta.

Yadda maƙwabci ya zama dangi

Zaman Hausawa a yankin Hijaz ya daɗe. Ɗaruruwan shekaru mahajjata ke ratsa Barno da Chadi da Sudan a ƙafa ko a kan dabbobi, su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Ƙaurar ta ƙaru bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, jama'a da dama suka nausa gabas. Wasu sun tsaya a Sudan, wasu suka ƙarasa ƙasa mai tsarki ba su koma ba. Daga cikin jikokinsu akwai 'yan ƙasar Saudiyya a yau, akwai masu igama, wato takardar izinin zama, akwai kuma waɗanda aka haifa a can ba su da takardar kowace ƙasa a hannu. Su ne ake yi wa laƙabi da Takari.

Da yawa daga cikinsu sun zauna a tsofaffin unguwannin kudanci da tsakiyar birnin, irin su Karantina da Gulail da Sabil da Hindawiyya. Lunguna ne masu ƙunci, inda ƙofa ke kallon ƙofa, ana adashi tare, ana suna da biki tare. Yara kan tashi suna kiran matar gidan da ke kusa da su Inna ko Khala, ba tare da sanin cewa babu alaƙar jini a tsakani ba. Addini ma ya ƙarfafa hakan, domin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado.

Me ke faruwa idan rashi ya zo a kan rashi?

Mutuwar ɗa na cikin mafi nauyin abin da kan sami mutum. Wani bincike da aka yi a Denmark, wanda mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2003, ya bi diddigin iyaye fiye da dubu 21 da suka rasa 'ya'ya. Ya gano cewa iyaye mata da suka binne ɗa sun fi takwarorinsu haɗarin mutuwa da wuri, kuma haɗarin mutuwar da ba ta ciwo ba ya fi yawa a shekarun farko bayan rashin.

Tun a 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Kastenbaum, ya bayyana abin da ke faruwa idan rashe-rashe suka taru wa mutum kafin ya gama jimamin na farko. Zuciya ba ta ware kowace mutuwa a ɗakinta. Ƙamshin turaren wuta, jerin takalma a ƙofar gida, da muryar masu cewa “ya haƙuri” duk suna mayar da uwa ranar da aka ɗauki ɗanta.

Mutuwar maƙwabciya tana da wani nauyi na daban. Sau da yawa ita ce ta ga yaron tun yana zanen goyo, ta san abincin da yake so da irin ƙiriniyarsa. Idan dangin da ke gida a hoto kawai suka san shi, to ita ce mutum ta ƙarshe da uwar za ta iya ambaton sunansa a gabanta ba tare da dogon bayani ba. Da ta rasu, an rasa aminiya, an kuma rasa mai shaida cewa yaron ya taɓa rayuwa a wannan lungu.

Makokin da ba a yi wa gaisuwa

A 1989 wani masanin, Kenneth Doka, ya ja hankali kan baƙin cikin da al'umma ba ta ba mai shi izinin nunawa. Rashin maƙwabci misali ne bayyananne. Matar mamaci tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, 'ya'ya suna da gado da matsayin masu karɓar gaisuwa. Maƙwabciya kuwa aikinta raba shayi da dabino ga baƙi. Ba kasafai ake juyowa a ce mata “ya haƙuri” ba.

Tarbiyyar Bahaushe tana ƙara rufe lamarin. Kunya da kara sun hana uwa nuna ɗoki a kan ɗanta, musamman na fari, wanda wasu matan ko sunansa ba sa faɗa. Idan ya rasu, ana yaba mata ne gwargwadon shirun da ta yi. A da, lokacin da mutuwar ƙananan yara ta zama ruwan dare, har sunaye aka tanada wa ɗan da aka haifa bayan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Barmani. Saboda haka hawayen da aka haɗiye shekara biyar ko goma kan sami ƙofa a makokin wani. Masu kallo su yi mamakin yadda bare ta fi dangi kuka, ba su san mutum biyu take yi wa ba.

Malamai suna bambance kuka da kururuwa. Abin da aka hana shi ne marin fuska da yaga tufafi da furta kalaman rashin yarda da ƙaddara. Hawaye kuwa, Annabi (SAW) da kansa ya zubar a lokacin da ɗansa Ibrahim ke barin duniya yana jariri a Madina.

Kwana uku, sai a watse

Yadda ake makoki a Jidda ya sha bamban da na gida. Ana karɓar gaisuwa kwana uku, galibi daga bayan magariba zuwa bayan isha'i, maza daban mata daban. Sadakar bakwai da ta arba'in, waɗanda a wurare da dama na ƙasar Hausa ke sake tara jama'a a kusa da masu rashi, manyan malaman Saudiyya suna ɗaukarsu bidi'a. Kaburbura ba a rubuta musu suna, mata kuma a al'adance ba sa shiga maƙabarta. Uwa na iya shekaru ba ta san gurbin da ɗanta yake kwance ba.

Ga baƙo akwai kuma zirga-zirgar takardu kafin a binne: shaidar asibiti, ta hukuma, da wasiƙar ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa. Wanda ba shi da igama yakan ji tsoron kusantar waɗannan ofisoshi, don haka maƙwabci mai takarda ne ke shige masa gaba. Wannan ma wani bashi ne na zuciya da ke dawowa ranar da shi maƙwabcin ya kwanta dama.

Birnin da ya sha raba maƙwabta

A shekarun baya-bayan nan Jidda ta ga lokuta da dama da rashi ya zo wa unguwa guda a tare. Ranar Laraba 25 ga Nuwamban 2009, daidai lokacin da aikin Hajji ke farawa, ruwan sama na 'yan sa'o'i ya haddasa ambaliya da ta kashe mutum fiye da 120, barnar kuma ta fi tsanani a unguwanni irin su Kuwaiza da ke gabashin birnin. Sarki Abdullah ya ba da umarnin bincike da biyan riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci.

A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, hukumomi sun kulle wasu unguwannin kudancin birnin dare da rana, ciki har da Gulail da Petromin da Kilo 14. An hana taruka, har da na gaisuwar mutuwa. Mutane sun yi rashi ba wanda ya zauna kusa da su.

Daga ƙarshen 2021 kuma aka fara rusau a unguwanni fiye da 60, waɗanda gwamnati ta ce an gina su ba bisa tsari ba kuma sun zama matattarar laifuka. Ƙungiyar Amnesty International ta ce lamarin ya shafi kimanin mutum rabin miliyan, kuma an bar baƙi a waje wajen biyan diyya. Mutanen da suka shekara talatin ƙofa da ƙofa sun warwatsu, wasu arewacin birni, wasu Makka, wasu an mayar da su ƙasashensu. Ba abin mamaki ba ne yau mace ta ji rasuwar tsohuwar maƙwabciyarta ta saƙon WhatsApp bayan an riga an binne ta, gidan da za ta je gaisuwa kuma ya zama fili.

Yaushe jimami ke zama ciwo?

Yawancin masu rashi suna farfaɗowa a hankali ba tare da magani ba. Masana biyu a Netherlands, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun nuna a 1999 cewa mai jimami yana kai-komo ne tsakanin tunanin mamaci da hidimar rayuwa. Uwar da ta yi dariya da safe ta yi kuka da yamma ba ta saɓa wa lafiya ba.

Sai dai akwai iyaka. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a Janairun 2022, ya amince da jimami mai tsawaita a matsayin larura. Alamominsa su ne tsananin begen mamaci da ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba da shi, har ya hana shi aiki ko kula da iyali. Idan aka haɗa da daina cin abinci, rashin barci na makonni, ko yawan fatan mutuwa, lokacin ganin likita ya yi. A Saudiyya ana iya fara neman shawara ta layin Ma'aikatar Lafiya mai lamba 937.

Ga na kusa da mai irin wannan rashi, abin da ke taimakawa ba shi da tsada. A yi mata gaisuwa kamar 'yar gida, ko da ba ta da alaƙar jini da mamaciyar. A ambaci sunan ɗanta idan ta kawo zancensa, kada a yi saurin toshe ta da cewa ta yi haƙuri. A kai mata abinci, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta. Mafi muhimmanci, a koma bayan kwana ukun nan, lokacin da aka naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a birnin da dangi ke bayan teku, ƙafar maƙwabcin da ya rage ce kaɗai za ta iya takawa.