Sauya jak ɗin tsohuwar tirelar kwana

A Amurka, masu tsofaffin tirelolin kwana irin su Airstream da Shasta sukan sha fama idan jak ɗin gaba ya ci tsatsa. Shi ke ɗaga hancin tirela a ɗora kan ƙugiyar mota.

Kafin a sayi sabon jak, a auna ramin da bututunsa ke shiga, yawanci inci 2 ne ko 2 da kwata. Jak na zamani noti uku ke riƙe shi, amma wasu tsofaffin walda aka yi musu, sai an yanke. Hanci yana ɗaukar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, saboda haka jak mai ɗaga kilo 900 ya ishi ƙaramar tirela.