Kaza ɗaya, baki takwas: tukunyar dare ta matan ma'aikata a Dakoro

Wannan mako za mu bar wa shafukan Faransanci maganar siyasa, mu leƙa madafa. Kada wani ya raina zancen, domin yawancin rigimar gidajenmu daga bakin murhu take tasowa.

Duk wanda ya taɓa kwana a Dakoro ya san yadda la'asar sakaliya take. Ma'aikata sun taso daga buro, ƴan kasuwa suna rufe rumfuna, hayaƙi ya fara tashi daga gidaje. Maigida in ya dawo sai ya shimfiɗa tabarma ya aza shayi. Uwargida kuwa, ko malamar lakwal ce, ko ungozomar asibiti, ko mai tebur a kasuwa, da ta ajiye jaka sai ta ɗaura zane, aiki na biyu ya soma. Tuwon hatsi ba abin gaggawa ba ne: a yi surfe, a bakace, a wanke, a kai niƙa, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa, sannan a koma kan miya. Iyayenmu sun iya wannan domin wuni guda suke da shi, kuma gida cike yake da hannuwa. Matar da ta wuni tana fama da yara sittin a aji ba ta da wunin, ƴan matan gidan kuma suna makaranta, inda ya kamata su kasance.

Mafitar da aka samu ita ce shinkafa da makaroni, wato abincin da akasarinsa daga waje yake zuwa. Mun ga abin da hakan ke jawowa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. A Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamba 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya sake toshe hanya har Fabrairu 2024. Kowane karo, tukunyar ƙaramin ma'aikaci ce ta fara jin jiki.

Wannan ya sa na ga ya dace in kawo muku labarin wani girki da na tarar a gidan yayata, malamar makaranta a garin na Dakoro. Ta koyo shi ne daga wata Ba'amurkiya cikin ƴan sa-kan Corps de la Paix, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa Janairu 2011. Sunan abincin encilada, asalinsa daga ƙasar Meksiko, kuma ma'anar kalmar a Sifaniyanci ba ta wuce abin da aka sa wa barkono ba. Mutanen can suna yin wata irin gurasa ta masara, siririya kamar faifai, su tsoma ta cikin miyar barkono, su naɗe nama a ciki. Da abin ya ƙetara zuwa Amurka, matan da ba su da lokacin naɗi ɗaya bayan ɗaya sai suka riƙa jera gurasar hawa-hawa a tasa, da kaza da miya da cuku a tsakani, su tura cikin tanderu. Girkin masu sauri ne, shi ya sa ya shafe mu.

Bari in ɗan ratse. Abincin nan bai kai baƙon da muke zato ba. Masara da tumatir da tattasai da tonka duk daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen Turawan Fotugal da Sifaniya ne suka watsa su a duniya tun daga ƙarni na 16. Miyar da muke kira ta kakanninmu, rabin kayanta daga can ne. Akwai ma wata hikima ta mutanen Meksiko da za ta burge duk macen da ta san aikin kanwa: kafin su niƙa masara sai sun dafa ta da farar ƙasa ko toka. Wannan yana sa gari ya yi danƙo, yana kuma fito da wani sinadari mai suna niyasin yadda jiki zai amfana da shi. Ƙasashen da suka karɓi masara ba tare da wannan dabara ba, irin su Italiya, sun sha fama da cutar felagira, mai ɓata fata da taɓa hankali.

To, a Dakoro babu gurasar Meksiko, babu cukun Turawa, gidaje kaɗan ne kuma ke da tanderun zamani. Yaya ta gwada burodi, ya narke ya zama kunu. Gurasar Kano, wadda ake bandashe da ita, ta yi daidai, amma sai an dace wani matafiyi ya zo da ita tsaraba. Abin da ya zauna shi ne masa, musamman ta hatsi wadda ta kwana ko ta wuni. Tana da ƙofofi masu shan miya, tana da ɗan tsami mai tashin ɗanɗano, kuma mai masa ba ta nisa da kowace unguwa. Masar da ta huce, wadda yara ke ture wa, ita ce ma ake nema.

Babban aikin yana ga kaza. Kazar gida mai yawon kiwo ta fi ta gidan gona daɗi nesa ba kusa ba, sai dai namanta da tauri, ba ta nuna cikin rabin awa. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun da asuba, ko ranar hutu ga mai firigo, ake dafa ta da albasa da citta da gishiri har nama ya saki ƙashi. A zare naman sili-sili, a ajiye romon. A nan ne lissafin yake. Kaza ɗaya in an yanka ta gunduwa-gunduwa, maigida da baƙonsa sun cinye cinya da ƙirji, yara sai wuya da ƙafa. In an zare ta kuwa, aka haɗa da gwangwani ɗaya na dafaffen wake, takan isa mutum takwas, kuma kowane cokali da nama a ciki. Zabo ma yana yi, wasu sun fi son sa.

Miyar ba ta da wuya. A jiƙa busasshen tattasai cikin tafin hannu biyu, irin na Difa in an samu, a daka shi da tumatir biyar ko shida, da albasar Galmi uku, da tafarnuwa, da tonka gwargwadon bakin masu ci. A soya da man gujiya, a zuba romon kazar, a bar ta ta yi ɗan kauri amma kada ta bushe, domin masa za ta sha. Daga nan sai jeri. A shafa mai a gindin tukunya, a zuba miya kaɗan, a tsaga masa kamar ashirin gida biyu, a shimfiɗa kashi ɗaya cikin uku, a barbaɗa kaza da wake, a zuba miya, a sake shimfiɗa masa, haka har hawa uku. A rufe, a aza bisa garwashi mai sauƙi, a ɗora wani garwashin bisa murfi. Wuta sama, wuta ƙasa, tukunya ta zama tanderu. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar ya isa. Mai gas, wanda ya yawaita tun bayan buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, sai ta rage wutar iyakar raguwa, in ba haka ba gindin ya ƙone sama ba ta yi zafi ba.

Saura cuku, kuma a nan Dakoro ta fi Yamai sa'a. Fulani da Buzayen arewacin gari, wajen Bermo da Gadabeji, suna kawo shi a yalwace da damina da kaka, lokacin da nono ya yi yawa. Sai dai a sani, cukunmu busasshe ne, ba ya narkewa ya yi yauƙi kamar na Turawa. Wanda ya jera shi fale-fale a saman tukunya zai tauna fata. A ɗan gasa falle biyu, a daka su, a zuba rabi cikin miya, a barbaɗa sauran a sama in an sauke. A ganina ya fi na gwangwani, ƙamshinsa yana tafiya da tattasai, kuma kuɗin yana komawa rugga.

Ba zan ɓoye muku ba, girkin yana da masu suka. Mijin yayata, ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, ranar farko ya cinye rabonsa sarai, sannan ya tambaya ko tuwon bai nuna ba ne. Ga mazanmu da yawa, abin da ba tuwo ba ne ba a ci abincin dare ba. Tsofaffi kuma suna ganin yanka kaza ba baƙo, ba salla, ba mai jego, almubazzaranci ne. Suna da hujja: kaji su ne asusun mace, su take sayarwa ta sayi magani ko littafin yaro, ga kuma cutar nan ta hunturu da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda kan share akurki cikin ƴan kwanaki in ba a yi rigakafi ba. Ba abincin kullum ba ne. Yaya sau ɗaya take yi a mako, kuma kazar maigida ne ke saya, tata ba ta taɓuwa.

Gargaɗi ɗaya ga wadda za ta gwada. Dafaffen nama ba ya jure zafin Afrilu da Mayu. Hukumar lafiya ta duniya tana horon kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa biyu. Wadda ba ta da firigo, ko wutar unguwarsu ba ta zama, to a irin wannan lokaci ta dafa kazar da yamma ɗin nan, ko da za a ci abincin bayan isha'i. Abin da ya saura kuma kada a ba yara shi da safe sai an maida shi wuta ya tafasa har tsakiya.