Littattafan Koyar da Rubutun Ilimi da Matsayin Insha'in Hausa a Yola da Jimeta

Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta, ko kuwa Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ta fara karatu a Yola a 2005, da Ingilishi zai yi akasarin rubutunsa. Shi ya sa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa jami'o'i darasin sarrafa Ingilishi a shekarar farko.

Daga cikin fitattun littattafan wannan fage akwai Academic Writing for Graduate Students na Swales da Feak (1994), da Academic Writing na Stephen Bailey (2003). Nahawu ba shi ne jigonsu ba. Suna koyar da taƙaita abin da aka karanta, da yin sharhi a kan alƙaluma, da jingina kowace magana ga mai ita. Swales ya nuna, tun 1990, cewa gabatarwar takardar bincike matakai uku take bi: a fayyace fagen, a nuna giɓin da magabata suka bari, sannan a faɗi yadda za a cike shi.

Sai dai an rubuta waɗannan littattafai ne domin baƙon ɗalibi a Amurka ko Ingila, wanda galibi ya saba rubutu da harshensa. Ɗalibin Jimeta kuwa yana iya jin Fulatanci ko Bacama a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya zauna jarrabawa da Ingilishi, amma ba lallai ne a ce an taɓa sa shi ya kafa hujja a rubuce da ko ɗaya daga cikinsu ba. Nauyi biyu ke nan a kansa lokaci guda, wato na harshe da na tsara tunani. Idan ya gaza, sai a ce Ingilishi ne bai iya ba. A ganina rabin gaskiyar ke nan.

Nan ne darasin Hausa na sakandare yake da rawar takawa. Insha'i ya daɗe yana kewaya labari da siffantawa da wasiƙa. Ya kamata manhaja ta ƙara wa rubutun hujja da taƙaitawa nauyi. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne: Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace (1990) ya samar da kalmomin nazari, kuma duk wanda ya zauna gaban malaman zaure na Yola ya san isnadi, ya san ba a kawo magana sai da mai ita. Malami na iya farawa da rahoton jarida ɗaya, a taƙaita shi cikin jimla biyar, a faɗi wanda ya rubuta da ranar da aka buga shi, sannan malamin Ingilishi ya karɓi aikin a mako na gaba.