Kafin ka sayi sabuwar ƙwaƙwalwar mota, tambayi wanda ya yanke maka waya

Da zarar damina ta kankama a Kudancin Kaduna, garejojin Kafanchan sukan cika da wasu motoci masu ciwo iri ɗaya. Hilux ce, ko Highlander, ko Lexus, injinta lafiya lau, amma waifa tana sharar gilashi ba wanda ya taɓa ta, ƙofofi suna kulle kansu da makulli a ciki, hon ya ɓarke da tsakar dare ya tashi unguwa, gari na wayewa kuma batir ya mutu murus. Wani mai motar ya ce hannu aka sa masa. Bakanike kuwa kafin ya gama buɗe ƙofa ya riga ya yanke hukunci: "Oga, ƙwaƙwalwa ce ta tafi, sai an sayo wata."

Na ga yadda wannan hukuncin gaggawa ya cinye jarin wani mai sayen citta daga wajen Fadan Kagoma. Ya sayi Hilux ƙirar baya-bayan nan don jigilar buhuna a kan hanyar Kwoi zuwa Kafanchan. Da farko ya kai wa mai walda ya ɗaura masa kejin ƙarfe a baya, aka yi ta zuba wuta a jikin mota ba tare da an cire kan batir ba. Daga nan ya wuce wurin mai wayarin, a sa masa manyan fitilu a saman rufi saboda tafiyar dare, da na'urar bin diddigi saboda ɓarayi. Yaron shagon ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya fere wayar da hannunsa ya fara kaiwa, ya murɗa sabuwa a kai, ya naɗe da baƙin tef. Da fis ya ƙone, maimakon a tsaya a tambayi dalili, sai ya zare silin waya ya ɗaure ƙafafun fis ɗin, ya mayar. "Maigida, an gama, wannan ba zai sake ƙonewa ba." Gaskiya ya faɗa, fis bai sake ƙonewa ba. Akwatin da fis ɗin yake karewa ne ya ƙone. Aka aika Panteka a Kaduna aka sayo wani, aka ɗaura, shi ma bai daɗe ba ya bi ɗan'uwansa, domin wayar da aka fere tana nan tana gogar ƙarfe duk lokacin da mota ta faɗa rami. Garin neman gira aka rasa ido, aka kuma rasa kakar citta guda, mota na kwance a gareji.

Abin da ke ba ni haushi shi ne fis ba ado ba ne, an yi shi ne don ya mutu. Siririn ƙarfe ne da aka auna ya narke idan wuta ta wuce ƙima, kafin ta kai ga abu mai tsada. Shi ya sa aka bambanta launinsu: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya cire ja ya cusa kore, ko ya ɗaure da waya, ko da takardar kwalin sigari kamar yadda wasu ke yi har yau, ya cire wa motarka mai gadi ne. Kuma fis ba ya ƙonewa haka kawai. In ya ƙone sau biyu a gurbi ɗaya, sau da yawa akwai wayar da ke taɓa jikin mota a wani wuri, sai an nemo ta.

Akwatin da ake magana a kai ba shi ne mai kula da injin ba, ko da yake makanikanmu sukan haɗa su da suna ɗaya, wato ƙwaƙwalwa. Wannan na jikin mota ne, ana kiransa BCM. Shi ke karɓar umarni idan ka danna maɓallin gilashi, ko tirafiketa, ko makullin ƙofa, ya tura wuta inda ya dace. A yawancin motocin Toyota yana manne da akwatin fis da ke ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. A wasu motocin Ford da Chevrolet har da sanin makullin mota yana hannunsa, in ya lalace mota ba za ta tashi ba sam. Duk waɗannan akwatuna suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Mai wayarin da ya saba da Pijo 504 da J5, inda kowace fitila ke da wayarta kai tsaye, yana ganin waɗannan wayoyi biyu kamar sauran. Ya jona musu fitila ko rediyo, duk motar ta rikice.

Saboda haka idan motarka ta fara wannan hauka, a fara da abu mai araha. A auna batir da mita: mota a kashe ya nuna kusan 12.6, injin na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Raunin batir kaɗai yana iya sa fitilun dashbod su yi ta walƙiya. A duba kan batir ko ya yi farin gari, a duba wayar da ke haɗa batir da ƙarfen jikin mota ko ta yi tsatsa. A daina kuma mummunar ɗabi'ar nan ta cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji. A tsohuwar mota ana tsira, a sabuwa wutar da ke tsalle a wannan daƙiƙa tana iya kashe akwatin nan take. Sannan a cire duk abin da aka ƙara wa motar bayan ta bar kamfani, fitila ce, ƙararrawa ce, ko na'urar bin diddigi, a ga ko ciwon zai tafi.

Bayan haka sai kwamfuta. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Amma ƙaramar na'urar da yara ke yawo da ita a aljihu sau da yawa lambobin injin kawai take karantawa, masu farawa da P. Matsalar jikin mota tana fitowa ne da B, ta sadarwa tsakanin akwatuna da U. Ko lambar U0140 ta fito, wadda ke nufin an daina jin BCM, ba ta ce ya mutu ba. Wataƙila wuta ce ba ta isa gare shi, ko soket ya saki.

Sai ruwa, wanda a nan ƙasar tamu ba a rasa shi daga Afrilu zuwa Oktoba. Ɗaga kafet ɗin gefen direba ka taɓa ƙasansa. Robar gilashin gaba da ta tsufa, ko bututun zubar da ruwan rufi mai buɗewa da ya toshe, suna ɗigar da ruwa daidai kan akwatin fis. Masu wankin mota da ke cusa tiyo mai ƙarfi cikin mota su ma suna da nasu kaso. Akwai kuma motocin Kwatano da na Legas da ambaliya ta taɓa shanyewa a Amurka, irin ta guguwar Harvey a 2017, aka yi gwanjonsu aka goge aka turo. Koren tsatsa a bakin soket shi ne shaidarsu. Kafin ka biya kuɗin mota, a bincika tarihinta da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17.

In an gama duk wannan aka tabbatar akwatin ya ƙone, to a saya, amma lambar da ke jikin tsohon ita za a bi, ba kamanni ba. Motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta. A motoci da yawa sai an saita sabon da kwamfuta ya san motar da makullanta, don haka ka riƙe duk makullanka a hannu, kuma kada ka yar da tsohon akwatin kafin aiki ya kammala. Ka yi yarjejeniya da mai kaya cewa in bai yi ba za ka mayar.

Masu wayarin na Kafanchan da Kagoro da Kwoi, don Allah ku riƙa jawo wa sabuwar fitila wayarta daga batir, da fis ɗinta da rilenta daban. Kai kuma mai mota, kada ka miƙa makulli ka tafi cin abinci. Tsaya ka ga an cire kan batir kafin walda, kuma duk wanda ka ga yana ɗaure fis da waya, karɓi motarka ka bar masa shagonsa.